Igiyar Inna Hawa

Da Basiratu ta gama makarantar jinya a Yamai ta dawo Filinge da difilom ɗinta, abin da take hange a ranta shi ne farar riga, da doguwar barandar asibiti, da wata babba a gefenta wadda za ta riƙa tambaya idan abu ya cije. Abin da ta samu kuwa baƙar jaka ce da wani tsohon moto, wato babur, mai tari. Wata ƙungiya ce a garin ta fara aikin bin marasa lafiya gida bayan an sallame su daga asibiti, galibi tsofaffi, masu hawan jini da ciwon suga da gyambon da ya ƙi warkewa. Mai kula da aikin, Majo Mansur, tsohon ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya amma zaman gida ya ƙi karɓarsa. Ya dubi takardarta, ya dube ta, sannan ya tambaye ta ko ta iya gaisuwa.

"Gaisuwa kuma, Majo?"

"Ita ce rabin aikin," in ji shi. "A asibiti mutane ka zuwa wurinki. Nan ke ce za ki gidan mutane, ki tuɓe takalmi, ki zamna inda anka ce ki zamna."

Tsoro ta ji, ba kaɗan ba. Duk abin da ta sani na aiki a lokacin koyo ta gan shi, kuma kullum da wani a tsaye a kanta. Yanzu ga ta ita kaɗai a ɗakin tsoho, babu likita a ɗaki na gaba, babu kowa sai dangi da suka zuba mata ido suna jiran ta fito da allura. A makonnin farko idan ta naɗa abin awon jini a hannun mutum, bugun zuciyarta take fara ji kafin nasa. Majo ya zagaya da ita na ɗan lokaci, sannan wata safiya ya ce gwiwarsa na ciwo, ta je ita kaɗai, in ta rasa ta kira shi a waya. Ba wata gwiwa da ke ciwo, ta gan shi da yamma yana taka keke.

Sannu a hankali aikin ya shige mata rai. Ta gane gidan da ake fara gaida tsohuwa kafin a dubi mara lafiya, da gidan da kare yake kwana a zaure. Ta koyi wanke gyambo a kan tabarma, kaji na leƙen cikin jakarta. Ta saba da yashin Filinge da ke kama ƙafar moto ya kayar da mutum a gaban masu shayi, su yi mata sannu suna danne dariya. Kowane gida kuma sai an tsare ta da ruwa ko hura ko dafaffen ƙwan zabo, har mahaifiyarta ta fara cewa wannan aikin jinya ne ko kiwo. Da yamma takan dawo a gajiye, ƙafa duk yashi, amma ranta fes.

A tsakiyar bazara Majo ya ƙara mata gidan Kailu, wani mai sayar da hatsi da ke zaune can gefen gari wajen dutse. Mahaifiyar Kailu, Inna Hawa, hawan jini ne ya buge ta tana tsaka da tankaɗe, ɓarin jikinta na hagu ya yi nauyi. Ta yi kwanaki a asibiti aka sallamo ta. Ƙafar tana motsi kaɗan, hannun ma haka, bakin kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Ranar da Basiratu ta fara zuwa, tsohuwar ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Wagga ita ce likitar? To Allah shi sa an yaye ta."

Ba a taɓa ganin mara lafiyar da ake ji da ita kamar Inna Hawa ba. An yi mata shimfiɗa mai laushi a kan gado a rumfar ƙofar ɗakinta. In ta motsa a gyara mata matashi, in ta yi tari a yi mata firfita, in ta miƙa hannu wajen carbi kafin ta kai an sa mata shi a tafi. Ɗiyarta mace guda ce, tana aure a Damana, ta zo ta yi jinya ta koma saboda goyo. Duk nauyin sai ya dawo kan Nasiba, matar Kailu, yarinya mai sanyin hali wadda ba ta gajiya. Ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki, ita ke tallabarta zuwa bayi ta wanke ta ta dawo da ita. Masu zuwa dubiya kuwa ba sa yankewa, kowa ya tashi tafiya sai ya ce lallai Kailu ɗa ne, uwarsa ko tsinke ba ta ɗagawa. Kailu yana jin daɗin wannan magana, kuma ya cancanta, don tsakani da Allah yake son uwarsa.

Sai dai tsohuwar tana bushewa. Basiratu ta ga harshenta ya yi fari, leɓe ya tsage, fatar hannu in ta ɗan ja ta sai ta tsaya ba ta koma ba. Ga zafin da ake yi, wanda ko mai lafiya sai ya kwana da tulu a kusa. Kullum akwai kwaryar hura a gefen shimfiɗa an rufe da faifai, kullum kuma yadda aka kawo ta haka ake ɗauke ta. Nasiba ta ja Basiratu gefe, idonta cike da ƙwalla.

"Ba ta sha, likita. Na sa nono, na sa zuma, na rage yaji, na ƙara yaji. Sai ta kurɓa ta ture. Ko ruwa sai na yi ta roƙo. Ina ga hannuna ne ba ta so."

Basiratu ta tuna abin da aka koya musu, cewa masu irin wannan ciwo haɗiya kan gagare su. Ta ɗebi ruwa a cokali ta ba ta, ta sa yatsa a maƙogwaronta. Ruwa ya wuce sumul, ba tari ba shaƙewa. Ta duba baki, ba miki. Ta auna zazzaɓi, babu. Iliminta ya ƙare a nan, ta koma gida ranar tana jin kanta ƙaramar yarinya mai ɗauke da jakar manya.

Abin da ya buɗe mata ido ba a littafi yake ba. Ta lura cewa duk ranar da ta zo, tana ajiye jaka Inna Hawa za ta ce a ba ta ruwa, ta sha sosai. Sannan ta yi ta jan ta da hira, labarin kasuwar Baleyara ta da, labarin marigayi mijinta da raƙuminsa mai cizo, har sai rana ta ɗaga. In Basiratu ta miƙe za ta tafi sai ta ce, "Kamin ki tahi, kama mani in kewaya." Da haka ta faru sau da yawa, wata rana Basiratu ta aiki Nasiba ɗumama ruwa, ta matso kusa da tsohuwar ta rage murya.

"Inna, don Allah in tambaye ki. In ba ni nan, mi ka hana ki sha?"

Inna Hawa ta dubi rufin rumfa. Da ta buɗe baki babu wasa a muryarta.

"Ke da kinka yi karatu ba ki san abin da ya shiga ciki sai ya hita ba? In na sha, wa ka ɗaukata? Ɗiyar mutane. Matar ɗana, wadda ko hira ba mu yi ido cikin ido. Yau ita ka tuɓe ni, ita ka wanke ni awa jinjiri. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa ɓata huska ba, shi ya sa abin ya hi ci mani rai. Ke aikinki ne, ke ba ni jin nauyinki. Ita kuwa gara ƙishirwa ta kashe ni." Ta kama hannun Basiratu da hannunta mai lafiya ta matse. "Kuma in kinka hwaɗa wa wani, ban yahe ba."

Tausayi ya kama Basiratu. Ta yi mata alkawari. A kan hanyar komawa ta yi ta juya maganar. Ƙarin ruwa a jijiya zai taimaka na kwana ɗaya ne, ita kuma ba za ta iya tarewa a gidan ba, tana da wasu gidajen. Hanya ɗaya ce, tsohuwar ta kai kanta bayi da ƙafarta, ta yi tsarki da hannunta. In ba haka ba, kafin ruwan sama ya sauka zafin nan zai gama da ita.

Ta sami Majo a ƙofar gidansa. Ba ta faɗa masa sirrin ba, ta dai ce tana so ta tayar da Inna Hawa tsaye. Ya tambaye ta ko ƙafar na iya tura hannunta in ta dafe ta, ta ce tana iyawa. Sai ya tashi ya nuna mata a jikinsa, yadda za ta tsaya ta ɓarin da ba shi da ƙarfi, gwiwarta a jikin gwiwar tsohuwar, da yadda za ta zame da ita ƙasa a hankali in ƙafar ta saki.

"Wannan mai sauƙi ne," ya ce. "Mai wuyar shi ne ki bar ta ta wahala kina kallo. An yi maki tarbiyya, za ta dame ki."

Ba ta gane ba sai washegari. Ta ajiye buta a gaban Inna Hawa ta ce ta ɗauka da hagu. Hannun ya taso yana rawa, yatsu suka taɓa butar suka zame. Kafin Basiratu ta san abin da take yi ta riga ta ɗauki butar da hannu biyu ta miƙa mata, har da ɗan rusunawa. Yarinyar da aka raina a gidan mutunci ba ta iya ganin tsohuwa na miƙa hannu ta tsaya, jikinta ne ke tashi da kansa. Inna Hawa ta dube ta ta ce, "To, sannu da aiki. Hannunki ya warke." Kunya ta rufe Basiratu. Ta mayar da butar, ta zauna a kan tafukan hannunta, ta danne su da nauyin jikinta. Haka ta zauna tana gumi kamar ita ce mara lafiyar, har tsohuwar ta kama butar ta ja ta zuwa jikinta.

Daga nan aiki ya kankama. Ta sa ana zuba wa Inna Hawa gyaɗa a faifai tana ɓarewa, hagu na riƙewa dama na fasawa. Ta sa kafinta ya huda wata kujera aka kai bayi, don tsugunno ba zai yiwu ba tukuna. Suka fara da zama a bakin gado, suka koma tsayuwa. Da tsayuwa ta samu, Basiratu ta shiga kasuwa ta samo igiya mai kauri irin ta ɗaure bijimi. Ta ɗaura ta daidai ƙugu, daga ginshiƙin rumfa zuwa itacen dogon yaro da ke tsakar gida, daga nan zuwa ƙofar bayi. In za a tafi a bi ta wannan gefe, in za a dawo a bi ta wancan, don kullum igiyar ta faɗo a hannun dama. Ta yi murna da wannan dabara tata ƙwarai, har ta manta cewa gidan yana da mai shi.

Wata safiya suna tsakiyar tafiya, Inna Hawa ta kusa kaiwa itacen, gumi ya jiƙe ta, ɗankwali ya zame, tana jan ƙafar hagu tana zagin ƙafar. Basiratu na gefenta ba ta taɓa ta ba, Nasiba na tsaye can an hana ta matsowa. Sai ga sallama. Mata ne ƴan uwan tsohuwar daga Bankuku, sun yi ado sun zo dubiya. Inna Hawa ta waiga, gwiwa ta saki. Basiratu ta tare ta yadda Majo ya nuna mata, ta zame da ita a hankali har ta zauna a yashi. Ko ƙujewa ba ta yi ba. Amma baƙin ba wannan suka gani ba. Sun ga ƴar uwarsu a ƙasa, kai ba ɗankwali, hannu riƙe da igiyar shanu, ga ƴan mata biyu majiya ƙarfi. Salati ya tashi, aka yi kanta aka ɗauke ta cak zuwa shimfiɗa.

Kafin azahar labari ya isa kasuwa, kuma a hanya ya yi ƙiba. Wai an ɗaure uwar Kailu da igiya ana jan ta a tsakar gida. Da Basiratu ta dawo zuwa na gaba babu igiya, Kailu na zaune a zaure yana jiran ta. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Likita, mun gode da ƙoƙari. Ki auna jini, ki ba da magani, wanga shi ne naki. Tahiya kuwa, gidanga akwai hannuwa. Uwata ta yi wahalarta ta gama. Ba ni bari a ce ina raye tana jan jiki."

Amsar tana bakin Basiratu, kalma kaɗan ce za ta juya shi. Amma ta yi alkawari. Ta ce to, ta shiga ta auna jini, ta fito. Inna Hawa ko kallonta ba ta yi ba, ta juya fuska bango, kwaryar hura na gefe a rufe.

Majo ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya yi mata tambaya ɗaya, wa ta tambaya kafin ta ɗaura igiya a gidan mutum. Ya ce kuma a wane lokaci ake zuwa dubiya a garin nan, in ba da hantsi ba. Bai yi mata faɗa ba, ya zuba mata shayi ya ce igiyar daidai ce, hanyar da ta bi ce ba daidai ba, kuma shi ba zai je ya gyara mata ba. Ta ji haushinsa a ranar, ta ji haushin matan Bankuku, amma ta fi jin haushin kanta.

Kwanaki suka wuce, tsohuwar na komawa baya. Gyaɗar ma ta daina ɓarewa. Ran nan Basiratu ta fito za ta hau moto sai Nasiba ta biyo ta zaure, ta tsaya tana murza bakin zanenta.

"Likita, ba sai kin ce komi ba, ni zan hwaɗa. Na gane abin da ka hana Inna sha. Da na zaci hurata ce. Sai na ga ran da kinka zo tana sha, ran da igiya ke nan tana sha, da anka kwance ta bari." Ta sunkuyar da kai. "Ni ma ina da uwa. In ita ce, haka za ta yi."

Basiratu ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce dai matsalar yanzu idon mutane ne.

"To a rufe idon," in ji Nasiba. "In anka ɗaura wata igiya bisa, ta shanya, na rataya zannuwa har kusa da ƙasa, wa ka ganin abin da ke bayansu? Mai dubiya ya zamna wancan gehe."

Dariya ta kuɓuce wa Basiratu, ta farko a cikin kwanakin nan. Ta so ta ce a ɗaura yanzu-yanzu, sai ta tuna tambayar Majo. Washegari ta ajiye moto, ta taka har rumfar Kailu a kasuwa. Ta gaishe shi, ta tambayi ciniki, ta tambayi zafi, ta tambayi hanyar Baleyara, ba ta yi gaggawa ba. Sannan ta ba shi haƙuri a kan ɗaura igiya a gidansa ba da saninsa ba. Ta gaya masa gaskiyar da take da ikon faɗa, cewa ƙafar da hannun yanzu ne lokacinsu, in aka ci gaba da ɗaukar Inna za su kwanta ke nan har abada, kuma ita Innar tana so ta taka. Ta faɗa masa dabarar zannuwan.

Kailu ya daɗe yana wasa da hatsi a cikin tiya, yana ɗiba yana zubarwa.

"In ta hwaɗi hwa?"

"Tana iya hwaɗuwa. Ina gehenta, ba ni barin ta bugu. Amma ba ni yi maka alkawarin ba ta zamewa."

Ya dubi hanya, ya dubi buhunansa. "Ni da rana ina kasuwa," ya ce. "Shanya kuwa sha'anin mata ne, ba ni shiga."

Da ta je gidan da safe ta tarar an kafa sababbin turaku masu kauri a tsakar gida, an binne su da zurfi an daddanne da duwatsu, an ja igiyar ta yi tsam. An kuma share duk tsakuwar da ke hanyar. Nasiba ta ce ita dai ta tashi ta gan su haka, kuma maigidan ya fita da bororo a tafin hannu.

Tun daga ranar gidan Kailu ya zama gidan wanki. Kullum da sassafe zannuwa sun jeru daga rumfa har bayi, ja da shuɗi da mai ganye, waɗansu ma ba su yi datti ba, ruwa kawai Nasiba ke tsoma su. Maƙwabta suka fara cewa matar Kailu tsabta ta zame mata ciwo. Masu dubiya in sun zo a shimfiɗa musu tabarma ta wannan gefe a ce Inna na zuwa, su zauna suna hira da zane. A bayan zanen kuwa Inna Hawa na fama, tana ja tana hutawa, tana yi wa ƙafarta faɗa ƙasa-ƙasa, tana ce wa Basiratu azzaluma, wadda ba a yi wa tarbiyya ba, mai kallon tsohuwa na wahala ta naɗe hannu. Basiratu na jin wannan zagi kamar ana ba ta tukuici. Sau da yawa ƙafar ta saki, suka zauna a yashi su biyu suna haki, wani lokaci suna dariya. Tsohuwar ta koma shan ruwa, amma da awo, kurɓi kaɗan da safe, kaɗan da yamma, don har yanzu in Basiratu ba ta nan Nasiba ce ke kai ta.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa, manoma na gyaran gona suna duban sama. Basiratu ta ci gaba da zagayenta. Gyambon wani tsoho mai ciwon suga da ta daɗe tana wankewa ya rufe, matarsa ta ba ta zabuwa da rai, ta ɗaure ta a bayan moto tana kuka har gida. Wata ƙawarta da ta samu aiki a babban asibiti a Yamai ta kira ta tana tausaya mata yawon gidaje. Basiratu ta saurare ta, ta yi godiya, ta ga ba ta jin kishin komai.

Ran nan ta makara. Wankin wani miki ya ja ta, rana ta yi sama kafin ta iso gidan Kailu. A zaure ta ci karo da shi kansa, bai tafi kasuwa ba, yana tsaye ya dafa bango yana leƙen cikin gida ta gefen ƙofa. Ya ɗaga mata hannu alamar ta yi shiru. Ta leƙa. Shimfiɗar rumfa babu kowa. Nasiba na tsaye wajen turmi, ta cusa bakin mayafi a baki ta cije, hannayenta biyu a baya ɗaya ya riƙe ɗaya.

Zannuwan na motsi, ba kuwa iska. Ta ƙarƙashinsu Basiratu ta hango ƙafafu biyu suna dawowa daga wajen bayi, ɗaya ta taka, ɗaya ta biyo ta tana share yashi. Suka tsaya a wajen itacen, suka daɗe, har Kailu ya ɗaga ƙafa zai shiga. Basiratu ta tare ƙofar da jakarta, ita da ba ta taɓa tare babba ba. Ƙafafun suka ci gaba.

Inna Hawa ta ɓullo daga ƙarshen zane na ƙarshe, dama a kan igiya, buta a hagu, fuska sharkaf da gumi. Ta kama ginshiƙi, ta juya, ta sauka a bakin gado da kanta, ta ajiye butar. Mutum ba a yi masa barka don ya dawo daga bayi, babu gaisuwar da aka tanada domin wannan, don haka kowa ya nemi abin kallo. Kailu ya dubi rufin zaure yana share ido da hannun riga. Basiratu ta shiga ta durƙusa ta buɗe jaka, tana neman abin da ita ma ba ta sani ba, murna ta cika mata ƙirji.

Da numfashin tsohuwar ya dawo, ta gyara ɗankwali, ta dubi Nasiba.

"Ke, tsayuwar mi kike? Ina hurar?"

Nasiba ta ruga ta kawo ƴar kwaryar da aka saba.

"Ba wagga ba. Babbar."

Aka kawo babbar, cike, da nono da sanyin randa. Inna Hawa ta ture ludayi gefe, ta tallabi kwaryar da hannu biyu, na hagun na rawa amma yana riƙe, ta kafa kai. Suna jin wucewar hurar a maƙogwaronta. Ba ta sauke ba sai da ta ga gindin kwarya. Ta goge baki da bayan hannu, ta miƙa wa Nasiba.

"Ƙaro," ta ce. "Na daɗe ina jin ƙishirwa."